Abin Da Ƙungiyar Ƙwallo Ke Saye Idan Ta Sayi Ɗan Wasa

KASUWAN MAGANI, Jihar Kaduna — A kowace shekara, daga ranar da aka busa usur na ƙarshe a gasar ƙwallon ƙafa ta ƙwararru ta Nijeriya zuwa ranar da za a buɗe sabuwar kaka, akwai wata kasuwa da ke ci ba rumfa ba ma'auni, wato kasuwar cinikin 'yan wasa. Tun daga shekarar 2023 da aka fara daidaita kakar wasannin ƙasar nan da ta Turai, wannan kasuwa takan ci ne a tsakiyar damina, daidai lokacin da manyan ƙungiyoyin Ingila da Sifen da Italiya ke nasu cinikin.

A garuruwan kudancin Jihar Kaduna, kama daga Kasuwan Magani da Kachia har zuwa Zonkwa da Kafanchan, wannan lokaci ne na musu a gidajen kallon ƙwallo da teburan masu shayi. Da yake babu ƙungiyar Jihar Kaduna ko ɗaya cikin 20 ɗin da suka shiga babbar gasa a kakar 2025/2026, goyon bayan jama'ar yankin ya rarrabu. Waɗansu suna bayan Plateau United ta Jos, waɗansu Kano Pillars, matasa da dama kuwa hankalinsu na kan ƙungiyoyin Turai. Amma duk inda aka zauna, musun bai cika wuce tambayoyi biyu ba: wa aka kawo, kuma nawa aka biya?

Ga mai duban al'amarin da idon kasuwanci, amsar waɗannan tambayoyi ba ta isa a ce ciniki ya yi kyau ko bai yi ba. Abin da ke raba riba da faɗuwa a wannan kasuwa shi ne tsawon kwantiragin da aka sa wa hannu, da wanda ke riƙe da rajistar ɗan wasan, da kuma aljihun da kuɗin ya fito. Ɗan kasuwar da ke sayen masara da kaka a kasuwar Alhamis ta Kasuwan Magani, ya adana ta sai damina ta yi nisa, ya riga ya san rabin wannan lissafi, domin shi ma ba farashin ranar saye kaɗai yake dubawa ba.

Takarda ake biya

Idan aka ce wata ƙungiya ta sayi ɗan wasa, abin da ta biya kuɗi a kansa shi ne a warware kwantiragin da ke tsakaninsa da tsohuwar ƙungiyarsa, domin ita ta sami damar yi masa rajista da sunanta. Kuɗin cinikin tsohuwar ƙungiya ce ke karɓa, shi kuwa ɗan wasa albashinsa da alawus ɗinsa dabam ne. Bisa dokar hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, kwantiragi ba ya wuce shekara 5, idan kuma yaro ne da bai kai shekara 18 ba, ba ya wuce shekara 3.

Wannan ya sa ɗan wasa a littafin kuɗi na ƙungiya ya fi kama da hayar shago, domin kullum garin Allah ya waye darajar takardar raguwa take yi. A ɗauki misali da ƙungiyar da ta sayi ɗan wasa kan naira miliyan 30, ta ba shi kwantiragin shekara 3 da albashin naira 500,000 a wata. Akanta zai raba kuɗin sayen gida uku, ya rubuta naira miliyan 10 a kowace shekara, ya ƙara da albashin naira miliyan 6, sai ya zama ɗan wasan yana cin naira miliyan 16 a shekara, jimla miliyan 48 ke nan a tsawon kwantiragin. Bayan shekara 2, abin da ya rage na darajarsa a littafi miliyan 10 ne. Idan a lokacin aka sami mai saye kan miliyan 25, an ci ribar miliyan 15. Idan kuwa aka yi sake shekara ta uku ta cika, zai kama gabansa ba a karɓi ko kwabo ba.

Da can ba haka abin yake ba. Kafin 1995, ƙungiyoyin Turai kan nemi kuɗi a kan ɗan wasa ko da kwantiraginsa ya ƙare. Wani ɗan wasan ƙasar Beljiyam, Jean-Marc Bosman, wanda ƙungiyarsa ta Liège ta hana shi komawa Dunkerque ta Faransa a 1990, shi ne ya kai ƙara, kuma ranar 15 ga Disamba, 1995, Kotun Tarayyar Turai ta ba shi gaskiya. Tun daga nan, duk wanda wa'adinsa ya cika yana da 'yancin tafiya inda ya ga dama, har ma doka ta ba shi damar ƙulla yarjejeniya da wata ƙungiya idan saura wata 6 kwantiraginsa ya ƙare. Ko manyan ƙungiyoyi ba su tsira daga wannan ba. Paris Saint-Germain ta biya Monaco kimanin Yuro miliyan 180 a kan Kylian Mbappé, amma a 2024 ya koma Real Madrid ba a biya ta komai ba.

Saboda haka ne masu lissafi a ƙungiyoyi ke son dogon kwantiragi, domin yana rage nauyin da ke faɗawa kan kowace shekara, yana kuma ba mai haja ƙarfin taya farashi. Chelsea ta wuce gona da iri a wannan dabara a 2022 da 2023, inda ta yi amfani da damar da dokar Ingila ta bayar ta riƙa ba sababbin 'yan wasa kwantiragin shekara 7 ko 8, har sai da hukumar ƙwallon Turai, UEFA, ta tsayar a 2023 cewa ba za a raba kuɗin saye a kan fiye da shekara 5 ba.

Saye, aro da musaya

Ba da tsabar kuɗi kaɗai ake samun ɗan wasa ba. Akwai aro, inda ƙungiya ke riƙe ɗan wasan wata na ɗan lokaci, akwai ɗaukar wanda kwantiraginsa ya ƙare, akwai kuma musaya. Wannan ta ƙarshe ba ta da yawa a ƙwallon ƙafa, amma ita ce ginshiƙin ciniki a wasan besbol na Amurka, wanda ake bugawa da sanda da ƙaramar ƙwallo, kuma yadda suke tafiyar da kasuwarsu yana da darasi ga mai son fahimtar tamu.

Babbar gasar besbol tana da ƙungiyoyi 30, kowace tana buga wasa 162 a kaka, sannan a tafi hutu daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A can ma wannan hutu lokacin musun magoya baya ne. An taɓa sayar da manyan 'yan wasa da kuɗi hannu, kamar yadda Boston Red Sox ta sayar wa New York Yankees da Babe Ruth kan dala 100,000 a ƙarshen 1919, cinikin da magoya bayan Boston suka daɗe suna cizon yatsa a kansa, domin ba su sake ɗaukar kofi ba sai a 2004. A zamanin yau kuwa, ba ni gishiri in ba ka manda ake yi. Ƙungiyar da ta ga ba za ta kai labari a bana ba, sai ta ba da gwaninta wanda kwantiraginsa ya kusa ƙarewa, ta karɓi matasa uku ko huɗu da ke da sauran shekaru a gaba. Mai karɓar gwani yana sayen nasarar bana, mai karɓar matasa yana sayen ta baɗi da baɗin-baɗaɗa, kuma kowannensu na iya cin riba a ciniki guda.

Su ma 'yan besbol sai a 1975 suka sami 'yancin barin ƙungiya, bayan hukuncin wani mai sasanta rikicin ma'aikata, kuma a tsarin da ya biyo baya sai ɗan wasa ya yi shekara 6 a babbar gasa kafin ya shiga kasuwa da kansa. A irin wannan kasuwa ce Los Angeles Dodgers ta ɗauki ɗan ƙasar Japan, Shohei Ohtani, a watan Disamba na 2023, kan dala miliyan 700 na shekara 10. Wannan adadi shi jaridu suka buga, amma a cikin takardar an amince cewa dala miliyan 680 daga ciki ba za a biya su ba sai tsakanin 2034 da 2043. Da masu gasar suka auna kuɗin da darajarsa ta ranar ciniki, sai ya tsaya a kimanin dala miliyan 460.

Kowane ɗan kasuwa ya san cewa kuɗin hannu da kuɗin bashi ba ɗaya ba ne, kuma a nan gida bambancin ya fi tsanani. A shekarar 2024 hauhawar farashin kaya a Nijeriya ta haura kashi 30 cikin 100. Ɗan wasan da aka yi wa alkawarin miliyoyin naira a ranar sa hannu, aka riƙe masa har kaka ta ƙare, ko da an biya shi daga baya an rage masa albashi ne a fakaice.

Suna da tsada

Abu na biyu da ke ruɗar magoya baya shi ne ɗaukar tsada a matsayin shaidar nagarta. A 2002, ƙungiyar besbol ta Oakland Athletics, wadda albashin dukan 'yan wasanta bai wuce kimanin dala miliyan 40 ba, ta ci wasa 103, daidai da abin da Yankees ta ci da albashin da ya haura dala miliyan 120. Manajanta, Billy Beane, ya dogara ne da alƙaluman abin da kowane ɗan wasa ke yi a fili, ya riƙa ɗauko waɗanda kasuwa ta raina saboda ba su da suna ko kyawun salo. A ɗaya gefen kuma, New York Mets ta ba Juan Soto kwantiragin dala miliyan 765 na shekara 15 a Disamba na 2024, amma a 2025 ba ta ko shiga zagayen neman kofi ba. Dodgers da ta kashe maƙudan kuɗi ta ɗauki kofin a 2024 da 2025, wanda ke nuna cewa kuɗi na da amfaninsa, sai dai ba ya ba da tabbaci.

Akwai kuma hatsarin da babu mai iya hange. A watan Satumba na 2022, Real Sociedad ta Sifen ta sayi Sadiq Umar, haifaffen Kaduna, daga Almería kan kimanin Yuro miliyan 20. Cikin kwanaki kaɗan ya ji mummunan rauni a gwiwa, ya rasa sauran kakar, alhali albashi da kason kuɗin saye na wannan shekara suna nan suna tafiya. Shi ya sa ƙungiyoyin da suka san abin da suke yi ba sa sa hannu sai likita ya duba ɗan wasa, domin ba a cinikin biri a sama.

Shekarun ɗan wasa su ne ma'auni mafi sauƙi ga mai son raba saye da zuba jari. Wanda ya ɗauko yaro ɗan shekara 19 kamar mai kiwon turka ne, da ya sayi ɗan rago da araha ya yi ta ba shi dusa da harawa, yana sa ran sayarwa idan Layya ta matso. Wanda ya sayi gwani ɗan shekara 29 kuwa ya sayi rago ne ana gobe Salla, a kan farashi mafi tsada, kuma don yanka ya saya. Babu laifi a ko wanne, muddin mai saye ya san wanda yake yi. Daniel Amokachi, wanda Everton ta saya kan fam miliyan 3 a 1994, ya taimaka mata ta ci kofin ƙalubale na Ingila a 1995, amma da ta tashi sayar da shi ga Beşiktaş ta Turkiyya a 1996, fam miliyan 1.75 ta karɓa.

Dawowar Ahmed Musa Kano Pillars misali ne na gida da aka yi ta muhawara a kansa. Ya dawo a watan Afrilu na 2021 ba tare da an biya wata ƙungiya kuɗi ba, ya tafi Turkiyya a watan Yuli na wannan shekara, sannan ya sake dawowa a Oktoba na 2024, inda ya ci ƙwallo biyu a wasansa na farko da Sunshine Stars. A Yuli na 2025 gwamnatin Jihar Kano ta naɗa shi babban manajan ƙungiyar. Ɗan wasan da ya haura shekara 30 ba a ɗaukarsa da niyyar sayarwa. Amfaninsa na zuwa ne ta hanyar cikar filin wasa, da jan hankalin masu talla, da abin da yara za su koya a wurinsa, kuma a kan wannan ma'auni ya kamata a ɗora shi.

Kasuwar gida da kuɗin gwamnati

Babban abin da ya bambanta kasuwar Nijeriya da ta waje shi ne mai biyan kuɗi. An fara gasar ƙwararru a ƙasar nan a 1990, shekarar da aka kafa Kano Pillars, amma har yau mafi yawan ƙungiyoyin gwamnatocin jihohi ne ke riƙe da su, irin su Pillars da Katsina United da Plateau United da Nasarawa United da Niger Tornadoes da Wikki Tourists da El-Kanemi Warriors da Enyimba da Rangers. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da suka yi tashe a shekarun 1980, kamar Leventis United da Abiola Babes, an rusa su tun kafin a fara gasar ƙwararrun. Iwuanyanwu Nationale kuwa a 2006 ta koma hannun gwamnatin Jihar Imo da sunan Heartland.

Ƙungiyar da ke rayuwa da kason kasafin kuɗin jiha, lissafinta na shekara ɗaya ne. Shugabanninta naɗaɗɗu ne da za a iya sauya su idan sakamako bai yi daɗi ba ko gwamnati ta canja, don haka abin da ke gabansu shi ne kakar bana. Wanda bai da tabbacin yana nan baɗi, da wuya ya damu da ribar yaron da za a sayar bayan shekara 3. Wannan ne ya sa a kowane hutu akan ga ƙungiya ta sallami 'yan wasa da yawa ta kwaso waɗansu, yawancinsu waɗanda suka riga suka zaga ƙungiyoyi da dama a gasar. Magoya baya kan yi murna da yawan sababbin fuskoki, alhali mai horarwa zai ɓata makonnin farko na kaka yana neman yadda za su saba da juna.

An yi ƙoƙarin gyara. Kamfanin LMC da ya karɓi tafiyar da gasar a 2013 ya nemi a daina dogaro da kafin alƙalami, wato dunƙulallen kuɗin da akan yi wa ɗan wasa alkawari a ranar sa hannu wanda sau da yawa ba a cika biya, ya kuma tsayar da naira 150,000 a matsayin mafi ƙarancin albashi a wata. A 2014, lokacin da dala take kimanin naira 160, wannan albashi ya haura dala 900. Bayan da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yuni na 2023, har dala ta haura naira 1,500 a 2024, wannan adadi bai fi dala 100 ba. Ko da ƙungiya ta ninka albashi sau uku ko huɗu, ba za ta iya gogayya da ƙungiyoyin Masar da Tunisiya da Maroko da ke biya da kuɗin waje ba. Junior Lokosa, wanda ya fi kowa cin ƙwallo a 2018 da ƙwallo 19 a rigar Pillars, a farkon 2019 ya koma Espérance ta Tunisiya.

Rashin biyan albashi a kan kari yana da wata illa da ba a cika lura da ita ba. Tun daga 2018, dokar FIFA ta ba ɗan wasan da ke bin albashin wata 2 damar ba ƙungiya wa'adin kwana 15 a rubuce, idan ba ta biya ba ya warware kwantiraginsa. Ke nan ƙungiyar da ta riƙe albashi don ta yi tsimi, tana iya wayar gari ta ga hajar da ta saya da miliyoyi ta fita daga hannunta a banza.

Kyautar gasar ma ba ta isa ta rufe giɓin ba. Enyimba ta karɓi naira miliyan 100 da ta zo ta ɗaya a 2023, Remo Stars kuma miliyan 200 a 2025. Idan aka haɗa albashin 'yan wasa da masu horarwa, da kuɗin mota da masauki na wasanni 19 a waje, za a ga ko zakaran gasa ba zai dogara da kyauta ba.

Inda ribar take

Hanyar da ta rage ita ce raino da sayarwa, kuma a nan Jihar Kaduna tana da abin faɗa. Ranchers Bees ta Kaduna, wadda ta kai wasan ƙarshe na gasar masu riƙe da kofin ƙalubale ta Afirka a 1988, ta kuma ci kofin WAFU na Afirka ta Yamma a 1989, daga cikinta Amokachi ya tafi Club Brugge ta Beljiyam a 1990. Tijjani Babangida da Garba Lawal da Celestine Babayaro duk 'yan Kaduna ne. Babayaro ya bi ta Plateau United zuwa Anderlecht, daga nan Chelsea ta saye shi kan fam miliyan 2.25 a 1997. Kaduna United ta ci kofin ƙalubale na ƙasa a 2010. Jihar ba ta taɓa rasa yara masu ƙafa ba.

Abin lura a tarihin waɗannan 'yan wasa shi ne cewa babban kuɗi a ciniki na biyu da na uku yake fitowa, bayan sun bar ƙasar. Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, amma aro Pillars ta karɓo shi daga makarantar ƙwallo ta GBS, kuma mai aro amfanin kaya yake ci, ba shi da hurumin sayarwa. Daga nan ya tafi VVV-Venlo ta Holan, inda sai da aka jira ya cika shekara 18 a Oktoba na 2010 kafin ya fara wasa, domin FIFA ta hana fitar da yaran da ba su kai wannan shekaru ba zuwa wata ƙasa. Ya wuce CSKA Moscow ta Rasha a 2012, sannan Leicester City ta saye shi kan fam miliyan 16.6 a 2016. Victor Osimhen ma daga makarantar Ultimate Strikers ta Legas ya tafi Wolfsburg ta Jamus, kuma a 2020 Napoli ta biya Lille kimanin Yuro miliyan 70 a kansa.

Manomin citta a Kachia ko Kafanchan ya san irin wannan labari, domin shi ke shan wahalar noma da yanka da shanya, amma kaso mafi tsoka na wurin wanda ya kai ta tashar jirgin ruwa. Sai dai a ƙwallo akwai hanyoyi biyu da mai raino zai bi hajarsa har inda ta je. Ta farko ita ce ya sa sharaɗi a takardar ciniki cewa yana da kaso, misali 10 ko 20 cikin 100, a duk lokacin da aka sake sayar da yaron. Ta biyu kuwa doka ce ta ba shi. Tun daga 2001, FIFA ta tanadi cewa idan aka sayar da ɗan wasa mai kwantiragi daga wata ƙasa zuwa wata, za a ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka horar da shi daga shekara 12 zuwa 23. Kowace shekara daga 12 zuwa 15 tana da rubu'in kashi ɗaya, kowace shekara daga 16 zuwa 23 kuma rabin kashi ɗaya.

A lissafa wannan a kan cinikin Yuro miliyan 20. Ƙaramar ƙungiyar unguwa da ta riƙe yaro shekara 4, daga 12 zuwa 15, tana da kashi 1 cikin 100, wato Yuro 200,000. A canjin 2025 wannan ya haura naira miliyan 300, fiye da abin da zakaran gasar Nijeriya ya karɓa a wannan shekara. Kuma duk lokacin da aka sake irin wannan ciniki a kan yaron, sai an sake ware mata kasonta. A Nuwamba na 2022 FIFA ta buɗe wani ofishi a birnin Paris da ke karɓar waɗannan kuɗaɗe daga mai saye ya tura su kai tsaye ga masu haƙƙi. Amma ofishin da takarda yake aiki. Ƙungiyar da ba ta da rajista da hukumar ƙwallon jiha da ta ƙasa, ko wadda ba ta shigar da sunayen yaranta da shekarunsu na gaskiya ba, ba za ta bayyana a tarihin ɗan wasan ba, ko da duk gari ya shaida cewa a filinta ya koyi taka leda.

Akwai alamun cewa 'yan kasuwa sun fara gane wannan. Remo Stars ta Ikenne a Jihar Ogun, mallakar Kunle Soname, tana da filin wasanta da makarantar rainon yara mai suna Beyond Limits, mai ita kuma yana da hannun jari a ƙungiyar Feirense ta ƙasar Fotugal, wato yana riƙe da gona da rumbu da kuma rumfa a kasuwar Turai. A 2025 ta ɗauki kofin gasar a karo na farko. A arewa ma, Barau FC ta Kano, wadda ba ta gwamnati ba ce, ta hau babbar gasa a wannan shekara.

Ma'aunin mai goyon baya

Duk wanda ke son ya san ko ƙungiyarsa ta yi cinikin kirki a lokacin hutu, zai fi samun haske idan ya fara da waɗanda suka tafi kafin waɗanda suka zo: an sayar da su ne, ko wa'adinsu ne ya cika suka tafi a kyauta? Daga nan sai ya duba sababbin, ya san shekarun kowanne da tsawon kwantiraginsa, da ko saye ne ko aro, da ko gurbin da aka kawo shi ya cike gurbi ne da ke da giɓi a bara. Ƙungiyar da aka zura wa ƙwallaye da yawa ta je ta kwaso 'yan gaba uku, ta ƙara wa Barno dawaki ne. Tambaya ta ƙarshe ita ce ko an biya waɗanda ke nan haƙƙinsu, domin wannan ne zai nuna ko sababbin za su kai ƙarshen kaka.

Ga attajiran kudancin Kaduna da ke ɗaukar nauyin ƙungiyoyin unguwa da gasannin hutun Kirsimeti da na Salla, lissafin ya fi kusa da gida. Kuɗin riguna da ƙwallaye da kofi da suke kashewa kowace shekara kyauta ce da ba ta dawowa. Idan aka ƙara da kuɗin yi wa ƙungiya rajista a hukumar ƙwallon jiha, da littafin da ke ɗauke da sunan kowane yaro da ranar haihuwarsa da ranar da ya shigo, da yardar iyayensa a rubuce, wannan kyauta za ta iya zama jari. Yara kaɗan ne cikin ɗaruruwa za su kai Turai, kuma ana iya shekara 10 ba a ga komai ba, don haka harka ce ta mai dogon haƙuri da kuɗin da ba a matse da shi ba. Amma ranar da aka sayar da ɗaya daga cikinsu a wata ƙasa, wanda sunansa ke cikin rajista shi za a biya.